Ranar da Na Ari Ɗan Yaya Hindatu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama uwa a Gangara, ni da ko koko na dama sai ya yi gudaji.

Bara ne, lokacin da jam'iyyu suka fara yawo da lasifika ƙauye-ƙauye, ana cewa kowa ya sami bakin magana. (Ni dama nawa bai taɓa rufuwa ba, ku tambayi malaman lakol ɗinmu, wato makarantar boko.) Yayata Hindatu ta zo gida wankan jego da ɗanta na fari, Laminu. Yaron ba ya kama nono sosai, kullum kuka, wuya kamar na ɗan tsako. Ita kuma nono ya kumbura, tana ɗaki tana cije leɓe.

Ranar kasuwa aka yi shela cewa wata malamar asibiti ta zo daga Gazawa tana bincike kan masu shayarwa, tana son jin damuwarsu.

"Yaya, tashi mu tafi."

"Ke, Allah ya shirye ki! In rungumi ɗan fari in zauna tsakiyar mata?"

Kun san kunyar ɗan fari. Ko sunansa ba ta faɗi, sai dai "yaron nan". To, sai dabara ta faɗo mini. Tana shiga wanka na ɗaura zanenta, na ja lulluɓi har hanci, na goye Laminu. Ai na san ciwon kamar a jikina yake: in faɗa, in karɓo magani, in dawo a yi ta yabona.

Na tarar da mata ƙarƙashin itacen bedi, yawancinsu baƙin kasuwa. Na zauna ina nishi irin na masu jego. (Na ɗan wuce gona da iri, har wata Bafulatana ta miƙo mini fura.)

Da layi ya zo kaina, Madam, malamar asibitin, ta ce, "Na farinki ne?"

"Na fari ne, Madam."

"Sunansa?"

"Laminu!" Na faɗa da ƙarfi, kamar ana kiran suna a aji.

Mata suka zubo mini ido. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa: "La'ilaha! Dimokuraɗiyyar har nan ta kawo? Uwa da sunan ɗan fari garau a baki?"

Ban daddara ba. Na zuba bayani: kumburi, zafi, rashin barci. Madam tana gyaɗa kai. Can Laminu, maci amana, ya tsandara kuka.

"Madalla," in ji Madam. "Ba shi ya sha, mu ga yadda yake kamawa."

Jama'a, na roƙi ƙasar Gangara ta tsage, ta ƙi. Na jijjiga shi, na yi masa tawai, na ce ai bai daɗe da ƙoshi ba. Ya ƙara murya, ya fizge lulluɓin. Gwaggo Tani mai ƙosai ta leƙo fuskata.

"Kai! Wannan ai ƙanwar Hindatu ce, 'yar lakol! 'Yar nema, yaushe kika haihu ba mu ci suna ba?"

Dariyar da aka yi, na rantse an ji ta har Gazawa. Madam kuwa ta share hawayen dariya ta ce, "Tashi, kai ni wurin mai nonon."

Ta shiga ɗakin Yaya ta saki labule, ta nuna mata yadda za ta tallabe shi har ya cika baki. Kafin arba'in Laminu ya yi kumatu. Madam ta ce taron ƙarƙashin itace ba ya kamo masu ɗan fari, daga yanzu gida-gida za ta riƙa bin su.

Yaya ta yafe mini bayan ranƙwashi mai kyau. Gari dai bai yafe ba: har yau in na wuce, "Mai jego, ya ruwan zafi?"

Abin da na koya: zane yana aruwa, yaro ma yana aruwa, amma in za ka yi ƙarya, kada ka goyo mai shaida da yunwa a cikinsa.