Jirgin Surukina Ko Bindiga Babu

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar Sallar da muka yi a kulle a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur ba. Har yau in na tuna sai na tashi tsaye ba dalili.

Surukina, mahaifin matata Hafsat, ya zo Kuala Lumpur ganin likitan ido, sai korona ta rufe hanya da shi. Gidanmu na ɗalibai ne, mai ɗaki biyu. Ba masallaci, ba makaranta, ba zaman shayi a kedai mamak, wato shagon mai shayi na nan, ga ni ga suruki. In ya fito falo na shige kicin, in ya nufi kicin na tsere baranda. Na goge takalman da ba inda za su. Shara kuwa ko leda ba ta cika ba sai na sauka da ita, don kawai in sha iska.

Abin da na sani game da Baba kaɗan ne: tsohon matuƙin jirgin soja ne, kuma ya yi yaƙin basasa. Wane irin jirgi? Oho. Wa zai tsare surukinsa da tambayoyi kamar ɗan jarida? Tun da na auri 'yarsa, tsakaninmu daga "Barka da asuba, Baba" sai "Allah ya yi albarka". Hafsat ma cewa ta yi ba ya zancen. Da na rasa labari sai na ƙera nawa. A zauren hirarmu na waya, na 'yan Arewa masu karatu a nan, zaman gida ya ishi kowa, ni kuma na samu kasuwa. Na ba Baba jirgi mai gudun tsiya, na loda masa bama-bamai, na sa shi kakkaɓo jiragen abokan gaba (har ƙarar harbi nake ɗauka da bakina in tura musu, ni mai karatun digiri na uku).

Ranar Sallah muka haɗu ta bidiyo don gaisawa. Ina tsakiyar zuba sai Sagir, wani ɗan Gusau da bakinsa ba shi da birki, ya ce, "Oga, kira mana Baba, mu gaida janar."

Na ce yana hutawa. Sai ga muryar Hafsat, baiwar Allah, daga bayana: "Abban Amir, ai ga shi nan zaune."

Baba ya jawo kujera kusa da ni, kusancin da ba mu taɓa yi ba. Bayan gaishe-gaishe Sagir ya ce, "Baba, wai da gaske rana ɗaya ka kakkaɓo jirage uku? Surukinka kullum yana ba mu labari."

Baba bai kalle ni ba. Wallahi da ya kalle ni da ya fi min sauƙi.

"Jirgina ɗan ƙarami ne, mai farfela ɗaya, ko bindiga babu," in ji shi. "Ƙasa-ƙasa nake tashi, a hankali, har ina ganin shanya a bayan gidajen mutane. Aikina in duba, in faɗa ta rediyo inda na ga motsi. Inda na faɗa, nan igwa take sauka. Akwai ranar da na koma washegari na ga ba sojoji ba ne. Shi ya sa ba na zancen. Ku yi Sallah lafiya, 'ya'yana."

Ya miƙe ya shige ɗaki. Ɗaya bayan ɗaya jama'a suka riƙa kashe kyamara, har Sagir ɗin. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tausayinsa ya fi kunyar ciwo. Na zaga falo, na buɗe firij, na rufe. Daga ƙarshe na cire hula na je na durƙusa a bakin ƙofarsa, na ce, "Baba, a yafe min."

"Tashi, Malam," ya ce. "Da ka tambaye ni, da a ɗakin nan zan gaya maka, mu biyu. Ka sa na faɗa a gaban jama'a."

A ranar na gane ina da kunyar suruki daidai gwargwado, wurin ajiye ta ne ban iya ba. Ta hana ni yi masa tambaya ɗaya, amma ba ta hana ni shara masa ƙarya ba.