Ɗanjuma Bakwai a Cikin Kwamfuta

"Lafiya lau, ya gida? Ya injin naki, mutum nawa ya haɗiye yau?"

Haka Mudi, magatakardan ƙungiyar manoman Dangora, ya amsa gaisuwar taubashiyarsa Saudatu, bai ko ɗago daga kundinsa ba. Ita ta rubuta wa ƙungiyar manhajar rajista, gobe Asabar kuma da sunayen da ke ciki za a raba irin masara. Wanda babu sunansa, babu irinsa.

Saudatu ta ajiye kwamfutar a kan benci, ta ce injinta ba ya cin kowa, gara ce ke cin takarda. Sai dai ta san ya haɗiye wasu. Manoma ɗari biyu da sha huɗu aka shigar, yau da safe ta tarar da ɗari da casa'in.

"Ɗanjuma nawa gare ki?" in ji Mudi.

"Ɗaya."

"Ni bakwai gare ni, kowa da fartanyarsa."

Dole ta faɗi gaskiya. Ita ta umarci manhajar cewa in suna da ranar haihuwa suka zo ɗaya, mutum guda ne aka shigar sau biyu, a goge sauran. Mudi ya tambaya ko ta ajiye kwafi kafin gogewar. Ta kalli rufin ofis. Ya tambaya da sunayen wa ta gwada. Ta ce da guda goma da ta ƙirƙira.

"Shekara huɗu a jami'a, an koyo hallaka Ɗanjuma shida ba wuƙa. Kuma ranar Juma'a, don kada a samu mai gyara."

Saudatu tana bin jerin sunayen da yatsa. Can ta tsaya.

"Wa ya haifi rabin Dangora ran ɗaya ga Janairu?"

Mudi ya gyara hula. Ya ce manomi zai gaya maka an haife shi da kaka, shekarar da kogi ya ci gada, manhajar kuwa ba ta wucewa gaba sai an cika mata rana da wata. Shi ya cika musu ɗaya ga Janairu.

"Ashe kai ne ungozomar garin."

"Ke kika gina ƙofar da ba ta buɗuwa sai da ƙarya."

Ya juyo mata kundin. Tsarin mahaifinsa ne, kawunta, tun shekarun hamsin: kowane mutum da lambarsa, sunan ubansa da unguwarsa. Ya ce suna yana da takwara, lamba ba ta da shi, amma ba zai ba da aron kundin ba sai ta amsa cewa biro ya fi injinta hankali.

Saudatu ta sake duba allon, ta yi murmushi.

"Ɗan kawu, Mudi nawa ne a Dangora?"

"Biyu. Ni da mai faci."

"Yaushe aka haife ka?"

Mudi ya kalli rufin ofis. Shi ma ɗaya ga Janairu ya cika wa kansa.

"Mudi ɗaya ya rage, kuma faci yake yi. Gobe ka shuka biro."

Mudi ya leƙa allon, ya leƙa kuma. Sai dariya ta ƙwace masa. Ya tura mata kundin, ya ɗora goro biyu a kai, ya ce ta fara da sunansa.

Saudatu ta ɗauki hoton kowane shafi tukuna, ta ajiye kwafi wuri biyu, sannan ta ɓare goron.

"Ɗanjuma shida na gabanka. Bi layi."