Cikon Talatin

Ranar Talata, saura mako uku ya miƙa kundin digirinsa na uku, Malam Nafi'u ya koma gidan gyaran halin yara da ke bayan gari da jakarsa a hammata. Bincikensa a kan bushewar zuciya yake, wato yaran da suke aikata laifi ba nadama, ba tausayi, fuskarsu kuma ba ta nuna komai. Ma'auninsa takarda ce mai tambaya ashirin da huɗu da aka tsara a ƙasashen Turawa, shi ya mayar da ita Hausa da kansa, yana kuma ji da ita kamar shi ya haife ta. Yaron da ya haura maki arba'in, zuciyarsa ta bushe. Farfesan da ke duba aikin ya ce sai an sami irin waɗannan yara talatin cif, in ba haka ba lissafin ba zai tsayu ba, sai dai a tari baɗi. Malam Nafi'u yana da ashirin da tara. Wata biyu ke nan duk yaron da aka zaunar a gabansa, da an taɓo zancen gida sai ya ɓarke da kuka, shi kuwa ya miƙa masa hankici yana tsaki a zuci. Ɗan boko ne irin namu: ya karanta littafi ya fi ɗari a kan tausayi, har yana iya faɗa maka shafin da kowace magana take.

Rannan gandiroba ya shigo masa da wani Tasi'u, ɗan shekara goma sha biyar, wanda ya fasa wa wani goshi da dutse a filin ƙwallo. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna a ƙasa duk da ga kujera, ya kafa ido a kan babban ɗan yatsan ƙafarsa. Malam Nafi'u ya rubuta a gefen takarda: ba ya haɗa ido. Alama ce mai kyau.

"Tasi'u, wanda ka fasa wa goshi, kana tuna shi ka ji ba daɗi?"

"An riga an yi, Malam."

Malam Nafi'u ya ba shi maki uku. "Idan abu ya dame ka, kana bari mutane su gani a fuskarka?"

"Su gani su yi mini me?"

Uku kuma. Malam Nafi'u ya gyara zama.

"Ka taɓa ce wa mahaifiyarka kana sonta?"

Yaron ya ɗago kai karo na farko, ya dube shi yadda ake duban wanda ya shigo masallaci da takalmi.

"Haba Malam. Da bakina?"

"Ita fa, tana jan ka a jiki? Tana kiran sunanka da daɗi?"

"Ni ne ɗan fari. Ko sunana ba ta faɗa. In za ta ba ni tuwo, sai ta ce wa ƙanwata, kai wa wancan."

Malam Nafi'u shi ma ɗan fari ne, tasa uwar har yau "wannan yaron" take ce masa, ya kuma san a kwanon wa take ɓoye tsoka mafi girma. Amma takardar ba ta da gurbin wannan, shi kuma ba shi da lokacin buɗe mata. Ya zana uku. Ya tara a zuci har da na tambayoyin da suka gabata: talatin da takwas, saura tambaya ɗaya.

"Yaushe rabonka da ita?"

"Ta rasu, Malam. Yau kwana tara. Kawuna ya zo ya faɗa mini ta tagar ofis."

"Da ya faɗa maka, ka yi kuka?"

"A gaban kawu? A'a."

Arba'in da ɗaya.

"Madalla!" in ji Malam Nafi'u.

Kalmar ta riga ta fita kafin ya kamo ta. Gandiroban da ke jingine a bakin ƙofa ya daina sakace. Fankar sama kaɗai ke motsi. Malam Nafi'u ya shiga gyaran magana, abin da ɗan boko ya fi ƙwarewa a kai ke nan.

"A'a, ba rasuwar nake nufi ba. Ka gane, aikin ilimi ne. Ana neman mutum talatin masu busasshiyar zuciya, waɗanda abin wani ba ya taɓa su. Ina da ashirin da tara, ɗaya ya rage mini, shi ne da na ga makinka... Allah ya jiƙanta dai."

"Amin," in ji Tasi'u.

Ya sake duban ɗan yatsan ƙafarsa, sannan ya yi magana cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, tun da aka yi rasuwar nan babu wanda bai yi mini gaisuwa ba a gidan nan. Har wanda ya soki yayansa da wuƙa, ranar ya bar mini ƙosansa. Kai kaɗai ka ce madalla."

Ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa.

"In mutum ɗaya ya rage maka, daina wahalar da kanka da zuwa nan. Rubuta sunanka, talatin ta cika."