Addu'ar da Na Yi wa Abokin Takara

Ku matso ku ji, wagga ba tatsuniya ba ta, a kaina ta faru. Ban taɓa shiga aji ba, amma a unguwarmu ta Aliero ni ka fassara ma mata abin da rediyo yac ce, kuma ana ganin bakina da albarka.

Ranar babban taron jam'iyya muna tsintar albasa a tsakar gida, muna saurare a rediyo. Ɗan takarar shugaban ƙasa da muke so yag gama jawabi, sai ya kira sunan "abokin takararshi". Jama'a sunka ɗau tafi. Nac ce, "Kun ji rashin kunya? Abokin gaba har cikin gida, ana yi mai tafi!" Na aje albasa, na ɗaga hannu da natsuwa, na roƙi Allah Ya kada mutumin ga, faɗuwar da babu tashi. Mata tara sunka ce amin. Sati ukku muna yi, har na aika ma ƙanwata a Mungadi su kama muna.

Rannan matar ɗana, malamar firamare, tad durƙusa tac ce, "Inna, wanga fa mataimakinshi na. Ƙuri'arsu guda ta. In ya faɗi, tare za su faɗi."

Nac ce, "To mi ya hana su ce mataimaki?"

Anka yi zaɓe, sunka faɗi tare.

Har yau in na ɗaga hannu, ko wurin suna ne, sai matan nan su riƙe aminsu, su ce, "Tsaya Inna, namu na ko nasu?"