Rasuwar Akwatin Gyaɗar Jajayen Kurege

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido kuma a kan maƙwabta, Hedley Milburn na gidan ƙarshe kafin dajin Kielder, a ƙasar Ingila, ke sanar da rasuwar akwatin gyaɗarsa, wanda ya kafa a jikin bishiya domin ciyar da jajayen kurege tun matarsa tana da rai.

Marigayin mai rufin asiri ne. Ruwa ya dake shi, ƙanƙara ta danne shi, bai taɓa barin gyaɗa ta jiƙe ba. Jan kurege kan ɗaga murfinsa da kai, ya ɗauki ɗaya, murfin ya koma: tak. Da wannan tak ɗin Hedley ke ɗora ruwan shayi.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da murfin ya ce gwaf! Ja ba ya gwaf. Wannan aikin kurege masu ruwan toka ne, ƙattin nan da aka kwaso daga Amurka, masu yawo da cutar ƙuraje: su ko atishawa ba sa yi, ja kuwa sai ido ya kumbura ya mutu. To wa ya nuna musu hanya? Hedley ba ya kama suna. Ya dai lura maƙwabciyarsa Maureen Tweddle ta rataya mazubin abincin tsuntsaye har uku, kuma bai taɓa ganin tsuntsun da ke cinye buhu guda a mako ba. Da ya yi mata magana ta kan shinge, cewa ta yi, "Haba Hedley, kurege ai kurege ne. Fasfo za ka tambaye shi?" Biri ya yi kama da mutum.

Da aka tsinci gawar jajaye biyu, ma'aikaciyar daji ta zo ta ce a sauke akwatin, tunda mai ciwo da mai lafiya duk a bakin akwati ɗaya suke cusa fuska. Ita ma Hedley bai yarda da ita ba, don rigarta ruwan toka ce. Amma ya ɗauko guduma, idonsa na zubar da hawaye.

Marigayin ya bar ƙusoshi biyu, da rabin buhun gyaɗa, da macen kurege ja guda ɗaya mai tsagaggen kunne. Ita kaɗai ta rage a wannan gefen dajin, kuma da alamar ciki. Domin ta rayu aka sauke shi.

Za a ƙone mamacin ranar Asabar da hantsi a bayan gida. Ba za a binne shi ba, an san masu tono. Akwai shayi. Za a laluba aljihun kowa a bakin ƙofa ko da gyaɗa a ciki, Maureen sau biyu.

Wanda ya ga mai tsagaggen kunnen ta zo ta tsaya a kan ƙusoshin tana kallon taga, don Allah kada ya jefa mata komai. Hedley ma ba zai ba ta ba. Labule zai ja.