Yadda Za Ka Riƙe Kujerar Manaja Ba Tare da Ka Koyi Komai Ba

Gyara zama, ɗalibina, ba gaggawa muke yi ba. An ba ka manaja a kamfanin ɗinki, da ofis da kujera mai juyawa, kuma ba ka so kowa ya raba ka da ita. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan a natse, kanka zai zauna fes kamar ranar da aka ɗauke ka aiki, ba sabon ilimin da zai ɓata shi.

1. Ka yarda ka gama sani

An canza kekunan ɗinki, masu saye sun koma yin oda ta waya, teloli matasa sun zo da nasu salon. Wannan duk matsalar duniya ce, ba taka ba. Wanda ya tambaya ai shi ne bai sani ba, don haka kada ka taɓa tambaya.

2. Ka aika mataimakiyarka horo

Mai kamfani za ta leƙo ta ce, "Manaja, akwai horon shugabanci ranar Asabar, na sa ka."

Ka russuna ka ce, "Ranki ya daɗe, ai da ni za a buɗe ƙofa."

Ranar Asabar kuwa ka kira mataimakiyarka. "Ƙanwata, je ki zauna mini. Ki tabbata kin karɓo jakar da ake rabawa." Jakar ita ce horon. Rataye ta a bayan ƙofar ofis inda mai kamfani za ta gani.

3. In ta dawo, toshe kunne

Za ta shigo da zumuɗi. "Yallaɓai, an ce a riƙa tambayar ma'aikata abin da ke tsayar musu da aiki."

Kada ka yi fushi, yarinta ce. Ka ce mata cikin taushi, "Jaka na aike ki ɗaukowa, ba wa'azi ba."

4. Ka yi maganin kowace matsala da taro

Babban tela zai zo yana sosa ƙeya. "Yallaɓai, kullum muna zaman jiran mai yanka yadi har hantsi. Da za a ce ya riƙa yanka na gobe tun yau."

Shawara ce mai kyau, shi ya sa take da haɗari. Ka tsayar da kekuna duka, ka tara kowa, ka yi musu doguwar lacca kan illar ɓata lokaci. A hankali za ka ga teloli sun daina zuwa wajenka, sun koma kai kukansu ga mataimakiya. Hutu ne ya same ka, ka gode.

5. Ka sake aikenta

Duk horon da ya zo, ita. Kada ka gaji. Jakunkuna za su taru har ƙofar ta daina buɗuwa sosai.

6. Ka natsu ranar da baƙo ya zo

Wata rana mai kamfani za ta shigo da malamin horon, don ya ga yadda manajan da ya horar ke aiki. Zai wuce ka ya nufi mataimakiyarka da fara'a. "Manaja! Ya aiki?" Sannan ya waiwayo gare ka. "Wannan bawan Allah fa? Oda ya kawo?"

Mai kamfani za ta dubi jakunkuna, ta dube ka. "Ashe da kai ake buɗe ƙofa."

A nan ba na ba da shawarar magana.

7. Ka tashi a hankali

Kujerar mai juyawa ce, kada ka zabura jiri ya ɗebe ka. Za a ba ka benci kusa da mai guga. Sabuwar manaja, wato tsohuwar mataimakiyarka, mai ladabi ce, za ta zo har inda kake. "Yaya, akwai horo ranar Asabar, na sa ka."

Ka waiga ka nemi wanda za ka aika. Babu kowa a ƙarƙashinka.

Daga nan kuma ni ba ruwana. Ban san kamfaninku ba, ban taɓa ganinka ba, kuma kada ka aiko mini da matarka ta tambayi ba'asi. Jakunkunan dai naka ne halak malak, za su ishe ka kwashe kayanka daga ofis.