Yadda Za Ka Mallaki Gida a Bakin Teku Ba Tare da Ka Taka Shi Ba

Duk wanda ya bi matakan nan sau da ƙafa, na ba shi tabbacin zai wayi gari da gida a ƙasar waje, a irin garin da masu hutu suke biyan kuɗi don su kwanta a yashi. An gwada hanyar a kan mijin ƙanwata, wanda kowa ke kira Mai Taya saboda sana'arsa, kuma har yau yana nan da ransa.

1. Ka nemi abin sayarwa

Ka duba abin da mutanen gidanka suka fi sa rai a kai, yawanci shi ya fi kuɗi. Mai Taya yana haya ne can saman bene, shi da matarsa da mahaifiyarsa, wadda ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta saukowa. Yana da fili da ya yi mata alkawarin zai gina mata ɗaki a ƙasa, mai ƙofa, inda za ta riƙa zama da hantsi tana amsa gaisuwar masu wucewa. Filin nan ya sayar. Kai ma kada ka ce ka sayar, ka ce ka juya shi.

2. Kada ka je ka gani

Zuwa gani aikin masu ƙaramar zuciya ne. Dillali zai turo maka hoto: ruwa shuɗi, kujera fara, ko ƙuda babu. Da Mai Taya ya tambayi batun tsaro, dillalin ya ce, "Ranka ya daɗe, a garin nan ko ɗan sanda ka gani, hutu ya zo." Da ya tambayi riba, mutumin dariya kawai ya yi. Dariyar dillali ta fi hatimi ƙarfi, ka sa hannu.

3. Ka amsa tambayar gida da babbar magana

Ƙanwata ta ce, "Maigida, to yaushe za mu je?"

Ya ce, "Ke dai. Jari ne, ana kwana a cikin jari?"

Gaskiyarsa. Lokacin da garin ke da daɗi, kamfanin da ke kula da gidan ya zuba baƙi a ciki. Lokacin da babu baƙi kuwa, iska ce ke tsige rumfuna, mai hankali ba ya zuwa. In an cire na shara da na gadi da na wanke tafkin wanka, ribar da ta rage za ta saya maka katin waya. Kada ka raina shi, za ka buƙace shi a mataki na gaba.

4. Ka zama mai gadin gidanka

Ka sa a maƙala kyamara a bakin ƙofa, a haɗa da wayarka. Mai Taya ya jingina tasa a jikin tulin tayoyi, yana ciniki da ido ɗaya. Ya san mai shara, ya san kyanwar maƙwabta, ya san baƙon da ke shanya wandon wanka a kan furanninsa. Ran nan wani ya buga ƙofar da ƙafa, Mai Taya ya miƙe tsaye a shago ya daka masa tsawa, har mai sayen taya ya ba da haƙuri.

5. Ka nuna wa tsohuwa

Wannan ne matakin da ke rufe bakin kowa. Da yamma Mai Taya ya hau benen yana haki, ya tarar da mahaifiyarsa inda ya bar ta, a gefen gado kusa da taga. Ya durƙusa ya miƙa mata wayar.

"Inna, ga gidanmu."

Ta kawo ta kusa da ido. "A ƙasa yake?"

"A ƙasa, Inna. Ko matakala ɗaya babu."

Ta daɗe tana kallo. A bakin ƙofar wata dattijuwa ce zaune a farar kujerar, ta miƙe ƙafafu tana shan iska, wani magidanci yana gyara mata matashi a baya.

"Wannan fa?"

"Baƙuwa ce. Ɗanta ne ya kawo ta hutu."

Inna ta gyaɗa kai, ta mayar masa da wayar.

"Allah ya yi masa albarka," in ji ta, ta juya ga tagarta.

A nan ana so ka yi murmushi ka ce amin. Mai Taya ya faɗa, sai dai tun ranar a kife yake ajiye wayar a shago.

Sanarwa: ni shawara kawai na bayar. Teku ba tawa ba ce, dillali ba ɗan'uwana ba ne. Wanda tsohuwarsa ta sa wa ɗan wani albarka a gaban idonsa, kada ya neme ni, ya nemi fili.